Izinin Bincike a Kan Mutane: Takardar da Ba a Mayar wa Kwanan Wata Baya

Wata ranar Talata da hantsi wani ɗalibin digiri na biyu ya yi sallama a ofishina, rungume da kwali cike da takardun tambayoyi. Ya ajiye kwalin a gefen ƙofa, ya russuna muka gaisa, sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi. Aikinsa a kan matan da suka yi ɓari ne a wasu ƙauyuka. Ya yi watanni yana hawa babur yana bi gida-gida, an cike takardun, ya naɗi muryoyin wasu a wayarsa, saura nazari da rubutu. Sai da ya miƙa babi na uku aka tambaye shi lambar takardar sahalewar kwamitin ɗa'ar bincike, wato kwamitin da ke duba tsarin aiki kafin a fara don kare mutanen da za a yi binciken a kansu. Ba shi da ita, bai ma nema ba.

"Malam, don Allah a taimaka a yi mini magana da su," in ji shi. "Ai takarda ce kawai. In sun ba ni, sai a ɗan mayar da kwanan watan baya, ya dace da lokacin da na shiga ƙauyukan."

Yaron kirki ne, mai himma, kuma na san bai nufi kowa da sharri ba. Abin da ya ɗauka shi ne abin da ɗalibai da dama suka ɗauka, har da wasu malamansu: wannan izini ɗaya ne daga cikin takardun da ake tarawa kafin a kare kundi, kamar rasit ɗin kuɗin makaranta ko takardar sallamar laburare. Na ce masa ba zai yiwu ba, na ga fuskarsa ta canza. Sai na ce ya jawo kujera ya zauna, domin wannan buƙata tasa ta mayar da kwanan wata baya tana da tarihi mai ɗaci a ƙasar nan, kuma a Kano aka yi shi.

A farkon 1996, zamanin mulkin Janar Sani Abacha, annobar sanƙarau ta auka wa Arewacin Najeriya, ga ƙyanda ga kwalara duk a lokaci guda. Sanƙarau kaɗai ta kashe mutum kusan 12,000 a wannan shekara, akasarinsu yara. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda mutanen gari suka fi sani da Asibitin Zana, ya cika ya batse, likitocin sa-kai na ƙungiyar MSF suna ciki suna ba da magani kyauta. Ana cikin haka ayarin kamfanin Pfizer na Amurka ya sauka da wani sabon magani da yake son gwadawa, mai suna Trovan. Aka ɗebi yara kimanin 200 aka raba su gida biyu, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani magani da an riga an san yana aiki. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren. Wasu suka tashi da kurumta, wasu da makanta, wasu da shanyewar jiki. Cikin 'yan makonni ayarin ya tattara kayansa ya koma.

Adalci ya sa a faɗi cewa sanƙarau ita kanta tana kisa tana nakasawa, kuma matsayin kamfanin shi ne cutar ce ta yi wannan ɓarna ba maganin ba, sannan ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun karɓi yardarsu da baki. Iyayen da suka kai ƙara kuwa cewa suka yi ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu, ba wanda ya ce musu a cikin wannan asibitin akwai masu ba da sanannen magani kyauta. Takardar yarda mai ɗauke da sa hannun iyaye dai ba a fito da ita ba.

Abin da ya fi shafar maganarmu ya fito ne a ƙarshen 2000 da farkon 2001, lokacin da jaridar Washington Post ta tono batun. Akwai wata wasiƙa mai kwanan watan Maris na 1996, wadda aka miƙa wa hukumar kula da magunguna ta Amurka a matsayin shaidar cewa kwamitin ɗa'a na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya duba gwajin ya sahale. Shugaban asibitin ya shaida wa jaridar cewa a wancan lokaci ba a ma kafa kwamitin ba. Likitan da ya jagoranci gwajin daga nan gida ya amsa cewa daga baya aka rubuta wasiƙar, aka mayar da kwanan watan baya. A 2007 gwamnatin Kano ta shigar da ƙara, a 2009 aka sasanta a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kuma sai a 2011, shekara 15 bayan faruwar abin, iyalai huɗu na farko suka karɓi diyyar dala 175,000 kowannensu, bayan gwajin ƙwayar halitta. Ɓarnar ba ta tsaya a kan yaran 200 ba. Da aka zo ƙauracewa rigakafin shan-inna a 2003, sunan Trovan yana cikin abin da mutane ke ambatawa a majalisu da masallatai, domin wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Kano ta dakatar da rigakafin kusan shekara guda, cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe.

To, me ya sa kwanan watan yake da wannan nauyi? Saboda aikin kwamitin tambaya ne, kuma tambaya tana da amfani ne kawai a lokacin da amsarta za ta iya canza abin da za a yi. Da a ce wani kwamiti na gaske ya zauna kafin a taɓa yaro ko ɗaya, da ya tambaya: uwar da ɗanta ke sanƙarewa a hannunta, tana da natsuwar da za ta fahimci bayani har ta zaɓa? Idan yaro ya ƙi samun sauƙi da sabon maganin, a wane mataki za a sauya masa? Wa zai ci gaba da duba su bayan baƙin sun tafi? Takardar da aka rubuta bayan an gama komai ba ta tsare kowa daga komai ba. Ihu ne bayan hari, kuma in an mayar mata da kwanan wata baya, ta zama shaidar zur.

Duniya ba ta wayi gari da waɗannan ƙa'idoji haka kawai ba, kusan kowacce ta biyo bayan wani abin kunya ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka gurfanar da likitocin 'yan Nazi a birnin Nurembag na Jamus kan gwaje-gwajen da suka yi wa fursunoni, kuma daga hukuncin 1947 aka fitar da ƙa'idoji goma, ta farkonsu ita ce yardar mutum da son ransa wajibi ce. A 1964 Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar da Sanarwar Helsinki, a gyaran da aka yi mata a 1975 kuma aka shigo da sharaɗin cewa wani kwamiti mai zaman kansa ya duba tsarin bincike kafin a fara. An sake yi mata gyara a 2024. A Amurka, daga 1932 har 1972, hukumar lafiya ta gwamnati ta yi ta bibiyar baƙaƙen fata 600 a Taskigi da ke jihar Alabama, 399 daga cikinsu masu ciwon tunjere, don a ga yadda cutar ke cin mutum in ba a yi masa magani ba. Ko bayan da fenisilin ya zama sanannen maganin cutar ba a ba su ba. Da asiri ya tonu aka yi doka a kan bincike a 1974, aka kuma fitar da Rahoton Belmon a 1979, wanda ya tattara al'amarin a ginshiƙai uku: girmama mutum, neman alheri da kauce wa cutarwa, da adalci wajen wa zai ɗauki haɗari wa zai ci amfani. Wanda ya tashi a gidan da ake karanta hadisin nan na "babu cuta babu cutarwa", kuma ya san nauyin kalmar amana, ba zai ji waɗannan ginshiƙai baƙi a kunnensa ba. Sabon abu a ciki shi ne ba a bar wa mai bincike shi kaɗai ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba ya cutarwa ba, domin mai son gama digiri ko fitar da magani kasuwa yana da abin da ke rufe masa ido, komai kyan zuciyarsa.

A Najeriya, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta kafa kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, NHREC, wanda ya fitar da kundin ƙa'idojinsa a 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ƙarfafa shi. Shi ne ke yi wa kwamitocin jami'o'i da asibitocin koyarwa da ma'aikatun lafiya na jihohi rajista. In gwajin magani ne, sai an haɗa da izinin NAFDAC. Dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta ƙara wani nauyi a kan duk mai tara bayanan mutane. Ba likitoci zalla ake so a kwamiti ba, ana so a samu maza da mata, da masanin shari'a, da mutum daga cikin al'umma wanda ba ɗan kimiyya ba ne, wanda zai karanta takardar yarda da idon wadda za a kai wa.

Shi neman izinin, ta fuskar takardu, ba shi da wani sarƙaƙiya. Bayan sashe ya amince da daftarin bincike, ɗalibi ya gano kwamitin da ya dace. Wannan kan rikita mutane: wanda zai yi aiki a asibitin jiha sau da yawa sai ya bi ta kwamitin ma'aikatar lafiya ta jihar ko da jami'arsa ta sahale, kuma wasiƙar gabatarwa daga shugaban sashe ko izinin shiga makaranta daga hukumar ilimi ba su ne izinin ɗa'a ba. Sai ya miƙa cikakken daftarin, da takardar tambayoyi ko jagorar hira, da takardar yarda da Turanci da harshen mutanen da zai je wa, da wasiƙar malamin da ke duba aikin, da shaidar ya yi horon ɗa'ar bincike, wanda ana iya yinsa ta intanet, misali a shafin TRREE da yake kyauta. Kwamiti zai auna girman haɗarin. Wani aikin a yafe masa dubawa, wani a ba mutum ɗaya ko biyu su duba cikin gaggawa, wani kuwa sai cikakken zama. Amma kwamitin ne ke cewa aiki ya cancanci yafewa, ba mai aikin ba. Amsar da aka fi samu a karon farko ita ce "a gyara kaza da kaza a dawo", kuma wannan ba faɗuwa ba ce. Izinin yawanci na shekara guda ne, ana sabuntawa, kuma in an canza wurin aiki ko aka ƙara tambayoyi sai an koma an sanar. Mujallun ilimi na kirki ba sa buga aikin da ba shi da lambar izini, suna kuma janye wanda aka gano ƙarya a cikinsa. Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, mai hankali yakan miƙa takardunsa da zarar ya kare daftari, ya yi amfani da lokacin jira wajen karatun babi na biyu.

Inda wuyar take shi ne takardar yarda, kuma a nan nake so in daɗe, domin a nan ne ƙa'idar da aka rubuta a Helsinki take haɗuwa da tabarmar zaure.

Fara da kalmar "bincike" ita kanta. A jami'a mun san abin da muke nufi. A ƙauye, bincike shi ne abin da 'yan sanda ke yi in an yi sata, ko abin da dangin amarya ke yi a kan mai neman aure. Ka ce wa dattijo ka zo bincike a gidansa, sai ka ga ya gyara zama. Ka ce "gwaji", sai a ɗauka za a ɗebi jini a faɗa wa mutum cutar da ke damunsa. Ɗalibai da yawa sukan ba wani aboki ko wata manhajar fassara takardar Turancin, a juyo ta kalma da kalma, ta fito da wata Hausa da ko shi mai takardar ba zai gane ba in an karanta masa. Hanyar da ta fi ita ce a rubuta ta da Hausa tun farko, kamar yadda za ka yi wa gwaggonka bayani, sannan a ba wani ya mayar da ita Turanci don a ga ko wani abu ya zube. Sai a karanta wa mutum biyu-uku irin waɗanda za a je wa, a ce su maimaita abin da suka ji. In akwai rabon mutane gida biyu, a ce musu ƙuri'a ce za ta raba, ba likita ne zai zaɓa wa kowa abin da ya dace da shi ba. Kowa ya san ƙuri'a.

Babbar matsalar da ke biye da wannan ita ce mutane su ɗauka taimako aka kawo. Duk wanda ya shiga ƙauye da jaka da biro da takarda, musamman in ya fito daga asibiti, sunansa likita. A sansanin 'yan gudun hijira kuwa, duk mai rubuta suna mai rajistar tallafi ne. Mace za ta amsa maka kowace tambaya, har wadda ba za ta amsa wa 'yar'uwarta ba, saboda tana sa ran buhun masara ko magani zai biyo baya. In ka yi shiru ka bar ta da wannan zato saboda yana sauƙaƙa maka aiki, ka yaudare ta ko da ba ka furta ƙarya ba. Dole a faɗa a fili: "Baba, ni ɗalibi ne, ba magani na kawo ba, ba kuma rajistar tallafi nake yi ba. In kin ce a'a, ba abin da za a hana ki a asibiti ko a wurin rabo." Wasu za su tashi su tafi da jin haka. Tashin nasu shi ne alamar bayanin ya shiga.

Sai batun wa ke da ikon cewa "to". Ba mai hankalin da zai shiga gari bai gaida hakimi ko dagaci ko mai unguwa ba, kuma ƙa'idojin ƙasa da ƙasa sun yarda da neman izinin shugabannin al'umma. Haka nan a gidaje da yawa ba za ka ga matar gida ba sai maigida ya amince. Amma izinin mai unguwa izinin shiga unguwa ne, na maigida kuma na shiga gida ne. Ba ɗayansu da yake maye gurbin yardar ita wadda za a yi wa tambaya. Haɗarin shi ne in mai unguwa ya aika yaro ya tara mata a ƙofar gidansa ya ce "ga baƙi, ku ba su haɗin kai", wace ce za ta miƙe a gaban jama'a ta ce ba ta so? Mu mutane ne masu kunya da kara, muna jin nauyin baƙo, muna cewa "ba komai" alhali akwai komai. A babin aure malamai sun yi bayanin shirun budurwa, amma a babin bincike shiru ba yarda ba ne, sunkuyar da kai ma ba yarda ba ce. Shi ya sa kwamiti mai kyau zai tambaye ka a ina za ka zauna da ita, wa zai kasance a wurin, mace ce za ta yi tambayar ko namiji, kuma ta yaya za ta iya ƙi ba tare da kishiya ko uwar miji ta sani ba.

Sa hannu ma yana da nasa. Wadda ba ta karatun boko za ta dangwala yatsa a gaban shaidan da ba ya cikin masu binciken. Amma dangwale a wurin mutanenmu na zaɓe ne da kotu da cinikin gona, kuma akwai waɗanda suka taɓa dangwalawa suka rasa abin hannunsu. Akwai kuma binciken da takardar mai suna ita ce kaɗai abin da zai iya tona mutum, kamar hira da masu shaye-shaye ko matan da aka yi wa fyaɗe. A irin wannan ana iya roƙon kwamiti ya yarda da amincewar baki, a bayyana yadda za a tabbatar da ita. Roƙo ake yi tun farko, ba mai bincike ne zai yanke wa kansa a fili ba. Ga wanda ke karanta ajami, ba abin da ya hana a rubuta masa da ajami.

Yara sai da yardar iyaye ko waliyyi, sannan shi yaron da ya yi wayo a nemi tasa amincewar. A nan almajirai suke tsaye a wani wuri mai wuya. An yi rubuce-rubuce a kansu ba adadi, saboda suna da sauƙin samu kuma ba sa cewa a'a. Iyayensu suna wani gari, malaminsu ne ke riƙe da su, kuma wani lokaci tambayoyin a kan shi malamin ne. Yaron da ke jin yunwa, ka ba shi abinci ka ce ya amsa tambaya, ina zaɓi a nan? Haka fursuna, haka ɗalibin da malaminsa ya raba wa takardar tambayoyi a aji ana saura mako biyu jarrabawa, haka majinyacin da likitansa ne mai binciken. Ba cewa ake kada a yi bincike a kan waɗannan ba, domin barinsu ma zalunci ne, matsalarsu ba za ta taɓa fitowa ba. Cewa ake a nuna dalilin da ya sa sai su, da abin da aka tanada don kare su. Batun kuɗi ma haka yake. A biya wa mutum kuɗin mota, a rama masa yinin da ya bar kasuwa ko gona, wannan hakki ne. Amma in kuɗin ya kai yadda talaka zai runtse ido ya karɓi haɗarin da da ba zai karɓa ba, an sayi yardarsa ke nan.

Masu nazarin zamantakewa da harshe da tarihi sukan ce su ba allura suke yi ba, me za su cutar? Magana ma tana kashe aure. Ɗalibin nan nawa yana ɗauke da muryoyin mata suna faɗin abin da ya faru da cikinsu, a wayar da ba ta da makulli, wadda ƙannensa ke ɗauka su yi wasa, wadda yake bayarwa a shagon caji. A takardunsa ya rubuta cikakken suna da sunan miji da unguwa. Cire suna kaɗai ma ba ya wadatarwa: in ka rubuta "wata ungozoma mai kimanin shekara sittin a ƙauye kaza", duk ƙauyen sun san ta. Kwamiti zai so ya ji ina za a ajiye bayanan, wa zai gani, yaushe za a goge, kuma in mace ta fashe da kuka a tsakiyar hira ko ta faɗi abin da ke nuna rayuwarta na cikin haɗari, ina za ka tura ta. In jini ko wani samfur za a ɗiba, sai an faɗi abin da za a yi da shi da inda za a kai shi. 'Yan ƙabilar Habasufai a jihar Arizona ta Amurka sun ba da jininsu a farkon shekarun 1990 don binciken ciwon sukari, daga baya suka gano an yi amfani da shi wajen nazarin taɓin hankali da auren zumunci da asalin ƙabilarsu. Sai a 2010 jami'ar da ta yi binciken ta biya su dala 700,000 ta mayar musu da jininsu.

Ba zan ɓoye ba, su ma kwamitocin suna da nasu laifin, kuma yana cikin abin da ke tura ɗalibai neman hanyar baya. Akwai wanda ba ya zama sai an ga dama, takarda ta yi watanni a kan tebur alhali agogon digiri yana tafiya. Akwai kuɗin dubawa da ke yi wa mai ɗaukar nauyin kansa yawa. Akwai inda ake auna hirar tarihin baka da ma'aunin gwajin magani, a ce sai an ɓoye sunan dattijon da shi burinsa a ambaci sunansa. Akwai mai duba da zai cika shafi da gyaran nahawun Turanci bai ko buɗe fassarar Hausar ba, alhali ita ce za ta je hannun mutane. Mafi muni, da wuya ka ga kwamitin da ke bin sawu ya ga ko abin da aka rubuta shi ake yi a fili. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma maganinsu jami'o'i su ba kwamitocin ma'aikata da kuɗi da ranakun zama sanannu, su kafa na fannin zamantakewa, su kuma koyar da wannan darasi tun a aji uku maimakon ɗalibi ya fara jin sa a bakin ƙofar kare kundi. Mu masu duba aikin ɗalibai muna da kaso babba. Ɗalibin nan ba shi kaɗai ya yi sakaci ba, akwai malaman da suka sa hannu a daftarinsa suka sallame shi zuwa ƙauye ba wanda ya tambaye shi.

Abin da muka yi a ƙarshe shi ne ya rubuta wa kwamitin gaskiyar abin da ya faru, da kwanan watan gaskiya. Suka ce ba za su sahale wa abin da ya wuce ba. Suka sa ya sake tsarin, ya cire sunaye, ya nemo mace ta riƙa yin hirar, ya sake rubuta takardar yardar har sau uku, sannan suka ba shi izinin farawa daga farko. Ya yi asarar zango guda, kuma ya daɗe bai saki jiki da ni ba.

Da ya dawo daga zagaye na biyu ya ba ni labarin wata tsohuwa da ta yi masa doguwar hira a karon farko. Wannan karon, bayan abokiyar aikinsa ta karanta mata takardar a tsakar gida, sai ta yi shiru, ta aika a kira shi daga zaure.

"Ɗan nan, wancan karon da ka ɗauki muryata, tana ina?"

Ya ce, "Tana cikin wayata, Iya."

"Wa ya ji?"

"Ba kowa."

"To, akwai maganar surukata a ciki, kuma ba ta san na faɗa ba. Goge ta ina gani."

Ya durƙusa a gabanta ya nemo muryar, ya nuna mata, ya goge. Ta ce yanzu a yi mata tambayoyin, amma ban da naɗa, kuma abin da ya shafi yarinyar a je a tambaye ta da kanta, in ta ga dama.